ME KIKA CI JIYA? DARASI A KAN TAMBAYOYIN ABINCI DA AUNA MAIƘON DA MAI JUNA BIYU KE CI

Darasinmu na wannan fitowa na mata masu juna biyu ne da mazajensu da sauran iyali, musamman waɗanda ke zuwa mana daga ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ya ke mai juna biyu, idan kin zo awon ciki ana ɗora ki a kan sikeli, a gwada jininki, a duba fitsarinki, a auna tsawon cikin da tef. Duk waɗannan kin saba da su. Amma akwai wani awon da ba a yin sa da allura ko na'ura, da baki ake yin sa. Ma'aikaciyar jinya ko wani ɗalibin likita zai zauna da takarda ya tambaye ki: Me kika ci jiya? Sau nawa kike cin soyayyen abu a mako? Wane irin mai kike zubawa a miya? Mata da yawa kan ɗauki wannan a matsayin hira ko bin diddigi, sai su ba da amsar da ta zo baki. Abin da muke so ki riƙe daga wannan darasi shi ne, waɗannan tambayoyi ma'auni ne kamar sikeli. Sai an daidaita ma'aunin da harshenki da abincin garinku, ke kuma kin faɗi gaskiya, sannan shawarar da za a ba ki za ta yi miki amfani.

MENE NE AMFANIN MAIƘO A JIKIN MAI CIKI?

Maiƙo shi ne duk wani mai ko kitse da ke cikin abinci, wanda ake gani da wanda ba a gani. Jiki na buƙatarsa saboda dalilai huɗu:

1. Yana ba da ƙarfi. Giram 1 na maiƙo na ba da kalori 9, alhali giram 1 na tsabar garin tuwo ko sukari bai wuce kalori 4 ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki.

2. Akwai bitamin guda huɗu, wato A da D da E da K, waɗanda hanji ba ya iya tsotsarsu sosai sai da maiƙo. Idan kika ci zogale ko alayyahu ko kabewa babu ɗigon mai, kin yi asarar wani kaso na amfaninsu.

3. Ƙwaƙwalwar jariri da idanunsa da wani irin maiƙo ake gina su, wanda likitoci ke kira DHA, daga dangin omega-3. Jariri ya fi ɗibar sa daga jikin uwa a watanni uku na ƙarshen ciki.

4. Kitsen da uwa ta tara a lokacin ciki shi ne guzurin da jikinta zai yi nono da shi bayan haihuwa.

To amma kome ya yi yawa ya zama illa. Yawan maiƙo na sa ƙibar da ta wuce kima, ita kuma ƙiba na ƙara haɗarin ciwon suga na masu ciki da hawan jini da haihuwar jariri mai girman da zai wahalar da naƙuda. Ƙarancinsa kuma, idan ya haɗu da ƙarancin abinci gaba ɗaya, yakan sa uwa ta rame, jariri ya zo ƙarami marar ƙwari. Saboda haka likita na son ya san ɓangaren da kike, kuma babu gwajin jini mai sauƙi da zai gaya masa cokali nawa na mai kika ci a makon jiya. Dole sai ya tambaye ki.

IRE-IREN TAMBAYOYIN DA AKE YI

Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko ita ce tuna abincin jiya. Za a ce ki lissafa duk abin da ya shiga bakinki daga asubar jiya zuwa asubar yau. Da wannan hanya aka yi babban binciken abinci na ƙasa a Nijeriya a 2001 zuwa 2003, da kuma na 2021 wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi da taimakon cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan.

Ta biyu ita ce ƙidayar rukunan abinci. A 2016 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jagora mai rukuni 10 domin mata masu shekara 15 zuwa 49. Macen da ta ci daga rukuni 5 ko fiye a yini ana ɗaukar abincinta ya haɗa kala-kala. Sai dai mai ba ya cikin rukunan nan goma, don haka wannan hanya ba ta auna maiƙo.

Ta uku ita ce takardar "sau nawa". A cikinta an jera abinci masu maiƙo, sai a tambaye ki sau nawa kike cin kowanne: kullum, ko sau biyu a mako, ko sau ɗaya a wata. A ƙarshe a haɗa maki, a ga ko cinki ya yi ƙasa, ko daidai, ko ya wuce. Tana da sauri, minti kaɗan ta isa, shi ya sa asibitoci ke son ta.

DON ME BA A ARON TAKARDAR WATA ƘASA KAI TSAYE?

Ɗaya daga cikin sanannun takardun auna maiƙo ita ce wadda Farfesa Gladys Block ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka ta wallafa tare da abokan aikinta a 2000. Tambaya 17 ce kawai a cikinta. Amma abincin da ta jera na Amurkawa ne: hamboga, fiza, cuku, askirim da makamantansu. Ko a cikin Amurkar ma, da aka zo kan mutanen da asalinsu 'yan Meziko ne masu jin Sifaniyanci, an ga fassara kaɗai ba ta isa ba. Sai da aka sake jera abincin bisa abin da su suke ci, aka gwada, aka wallafa sakamakon a 2006. Masu bincike a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci kuma sukan gwada irin waɗannan takardu a kan ɗaliban jami'a kafin su amince da su.

Yanzu ki duba abin da zai faru idan aka ɗauko irin wannan takarda aka juya ta zuwa Hausa kalma da kalma, aka karanta wa wata baiwar Allah a 'Yankara ko Ketare ko Damari. Za ta ce ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Takarda za ta nuna ba ta cin maiƙo ko kaɗan, alhali da safe ta ci ƙosai, da rana ɗanwake da mai da yaji, da la'asar awara, da dare tuwo da man shanu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, takardar tambayoyi ma haka take.

Kuma takardar da ta yi aiki a kan ɗaliban jami'a ba lalle ta yi aiki a kanki ba, ko da harshenku ɗaya. Ɗalibi da kansa yake karantawa ya cike, abincinsa a farantinsa shi kaɗai, sau da yawa ma saya yake yi. Ke kuwa karanta miki za a yi, tukunyarku ta gida ce gaba ɗaya, kina ci da yara a kwano ɗaya, kuma ciki kansa na sauya miki sha'awar abinci daga wata zuwa wata.

Ku manoma ne, kun san wannan a kasuwa. Tiyar da ake awon masara da ita a wata kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta wata ba, shi ya sa mai wayo kan tambayi ma'auni kafin ya tambayi farashi.

YADDA AKE TABBATAR DA INGANCIN TAKARDA

Kafin a yarda da takardar tambayoyi a wani harshe, ga matakan da masana ke bi:

1. Tattara abincin wurin. A zauna da matan gari a jera abin da ake ci da gaske. A yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa jerin zai haɗa da ƙosai, waina, fanke, funkaso, awara, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, kantun riɗi, kwaɗon zogale, shinkafa da wake da mai da yaji, taliya da manja, soyayyen dankali, tsire, balangu, kindirmo da man shanu.

2. Fassara. Mutum biyu, kowa daban, su juya tambayoyin zuwa Hausa, sannan a haɗa a fitar da guda.

3. Mayar da fassara. A ba wani wanda bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ta Hausar zuwa harshen farko. Idan ma'ana ta kauce, a nan za a kama.

4. Zaman masana. Likitoci da masana abinci da masana harshe su duba kowace kalma.

5. Gwajin fahimta. A karanta wa mata kaɗan irin waɗanda aka yi takardar dominsu, a ce kowace ta faɗi abin da ta gane da bakinta.

6. Maimaitawa. A yi wa mata tambayoyin yau, a sake yi musu bayan mako ɗaya ko biyu. Sikelin da ya ce kilo 60 yanzu, ya ce 70 an jima, ba sikeli ba ne.

7. Kwatantawa. A gwama sakamakon takardar da wata hanya mafi tsauri, kamar tuna abincin jiya na kwanaki da yawa, ko auna abincin a kan sikeli kafin a ci. Idan matan da takarda ta ce sun fi cin maiƙo su ne sikeli ma ya nuna, to takarda ta inganta.

An taɓa yin irin wannan aiki da harshen Hausa. A 2011 masu bincike na Jami'ar Maiduguri sun wallafa fassarar Hausa ta wata takardar tambayoyi ta duniya da ke auna motsa jiki, bayan sun gwada ingancinta. Haka nan babban binciken lafiyar iyali na ƙasa, kamar na 2018, ana fassara tambayoyinsa zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo, a gwada su kafin ma'aikata su shiga gidaje.

KALMOMIN DA KAN RIKITA AMSA

Mataki na biyar ya fi kowane muhimmanci a wurinmu, domin kalmar "mai" a Hausa faɗi gare ta. Ga wuraren da ake samun ruɗani:

Man gyaɗa. A kasuwa kusan duk farin mai "man gyaɗa" ake ce masa, ko da na waken suya ne, ko na angurya, ko tataccen man kwakwar manja da aka cire masa ja. Waɗannan kuwa ba ɗaya suke a jiki ba. Idan an tambaye ki, ki bayyana: man ƙuli ne na matan gari, ko na jarka, ko na leda mai suna.

Nama. Wata idan ta ce ta ci nama, tsoka take nufi. Wata kuma kitse ne da kayan ciki da ganda. Ki faɗi wanne.

Nono. Kindirmon da ba a cire masa mai ba daban yake da tsala, wanda aka kaɗa aka kwashe man.

Cokali. Akwai na shayi, akwai na cin abinci, akwai ludayin miya. Cokalin cin abinci ya kai na shayi uku. Idan an nuna miki cokula ko hotuna, ki nuna wanda ya yi kama da naki.

Abinci. Mata da yawa ba sa lissafa awarar da aka aiko yaro ya sayo, ko gyaɗar da aka ɗan taɓa ana hira, domin a ganinsu abinci shi ne tuwo. A wurin likita duk abin da aka haɗiye abinci ne.

Lokaci ma na da tasiri. Cin kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa da waken suya suka shigo gida, daban yake da na tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa. Watan azumi soye-soye kan ƙaru, bayan babbar salla kuma soyayyen nama da kakide. Iyalai da dama a wannan yanki matsalar tsaro ta raba su da gonakinsu da shanunsu, abin da suke ci yanzu ya bambanta da na da. Idan haka ta same ki, ki faɗi abin da kike ci a yanzu, ki kuma sanar da ma'aikaciya cewa hali ne ya sauya.

RABE-RABEN MAIƘO

Likita ba yawan mai kaɗai yake dubawa ba, har da irinsa. Kashi uku ne.

Maiƙo mai daskarewa. Shi ne mai saurin yin barci idan sanyi ya shigo: kitse, kakide, man shanu, bota, da manja wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Yawan cinsa na ƙara mugun kitse a jini, wanda kan toshe hanyoyin jini a hankali.

Maiƙo marar daskarewa. Shi ne ya fi yawa a man gyaɗa na gaskiya, man waken suya, riɗi da kifi. Wannan shi zuciya ta fi so.

Maiƙon tirans. Yawanci a masana'anta ake samar da shi idan aka daskarar da mai da gangan, ana samun sa a wasu bota na gashi da biskit da kek. Shi ne mafi illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara kamfen kawar da shi a 2018, Nijeriya kuma ta kafa dokar da ta hana ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai, hukumar NAFDAC ce ke kula da ita.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce kada maiƙo gaba ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, mai daskarewa kada ya wuce kashi 10, na tirans kada ya wuce kashi 1. Taron masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2008 kuma ya ce macen da ke cikin shekarun haihuwa kada nata ya gaza kashi 20, mai ciki da mai shayarwa su samu aƙalla miligiram 200 na DHA a yini.

LISSAFI DA COKALI

Bari mu mayar da waɗannan alƙaluma zuwa cokali. A ɗauki misalin mai ciki da ke buƙatar kalori 2,400 a yini. Kashi 20 zuwa 30 na wannan ya kama giram 53 zuwa 80 na maiƙo. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan giram 14 ne, wato kalori 120. Ke nan rabonta na yini bai gaza cokali 4 ba, bai kuma wuce 6 ba.

Amma a kula, wannan lissafi ya haɗa da maiƙon da ba a gani. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, haka ma riɗi. Waken suya kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa mai ne. Akwai shi a ƙwai da nono da nama, har gero da masara na da ɗan kaɗan. Idan aka cire waɗannan, man da za ki zuba da hannunki a miya ko ki ci a soyayyen abu zai tsaya wajen cokali 2 zuwa 3 a yini. Buƙatar kowace mace ta danganta da jikinta da aikin da take yi, don haka ki nemi ma'aikaciyar abinci ta yi miki naki lissafin.

Ga hanya mai sauƙi ta sanin rabonki a tukunyar gida. Kwalba mai cin mililita 750 tana ɗaukar cokali 50. Idan kuna mutum 5 a gida, kwalbar ta ƙare a kwana 5, to cokali 10 kuke ci a yini, kowa 2. Idan a kwana 2 take ƙarewa, kowa ya ci 5, tun ba a lissafa ƙosan waje ba. Idan kuwa tana kai kwana 20, rabon kowa rabin cokali ne, wannan ya yi kaɗan ga mai ciki sai idan tana samun gyaɗa da makamantanta. Ki lura da ranar da aka sayo mai da ranar da ya ƙare, ki zo mana da wannan bayani ranar awo.

ABUBUWAN DA MUKE BA DA SHAWARA

1. Ki sa ɗan mai a duk ganyen da za ki ci, ko ki kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli.

2. Manja na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, jan nan nasa shi ne alamar. Kada ki soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, domin amfanin ya ƙone. Ki saya wurin wanda kika amince da shi, saboda akwai masu zuba masa rini don ya ƙara ja, rinin kuwa guba ne.

3. Idan man kamfani za ki saya, ki duba alamar ido a jikinsa. Tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa a Nijeriya.

4. Ki ci kifi sau biyu a mako idan da hali. Kifin teku da ake kawowa a daskare, irin su taitus da shawa, da sadin na gwangwani, sun fi yawan DHA. Tarwaɗa da karfasa na dam da rafi su ma suna gina jiki.

5. Ƙwai ba ya cutar da mai ciki ko jaririnta. Ki dafa shi ya nuna sosai.

6. Ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci ki zubar. Tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

7. Kada a yi ta maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi yana kumfa.

8. Nonon da za ki sha ya zama an tafasa madarar kafin a kwantar, man shanu kuma a soya shi.

9. Idan ƙwannafi na damun ki, musamman da ciki ya tsufa, ki rage soyayyen abu da dare, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

10. Kada ki rage abinci don tsoron kada jariri ya yi girma. A watanni uku na tsakiya jikinki na buƙatar ƙarin kalori wajen 340 a yini, a na ƙarshe wajen 450. Macen da ta ɗauki ciki da matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin haihuwa.

Mai ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo. Ki ci gaba da shan su kullum.

RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Duk ingancin takarda, idan amsa ba gaskiya ba ce, sakamako ma ba gaskiya ba ne. Kunya ce ta fi ɓata wannan awo. Wata ba ta ga nama ba tun wata guda, amma sai ta ce tana ci kullum don kada a ce mijinta ya gaza. Sai a sallame ta da cewa abincinta ya yi, alhali da ta faɗi gaskiya da an nuna mata yadda waken suya da gyaɗa da zogalen bayan ɗakinta za su cike giɓin. Wata kuma kullum cikin soye-soye take, amma ta san za a yi mata faɗa, sai ta rage. Ita ma ta hana kanta gargaɗin da zai iya kare ta daga ciwon suga.

Don haka idan an zo tambaya:

- Ki fara daga asuba ki bi yini daki-daki, har da abin da kika ci a maƙwabta ko gidan biki.
- Idan ba ki gane tambaya ba, ki ce a sake. Matambayi ba ya ɓata. Rashin ganewarki ma darasi ne ga masu takardar, da shi suke gyara ta.
- Idan kin manta, ki ce kin manta. Ya fi ki ƙirƙira.
- Idan jiya ba kamar kullum ba ce, misali kin yi azumi ko laulayi ya hana ki ci, ki faɗa.
- Idan kina jin nauyin wanda ya rako ki, ki nemi a tambaye ki ke kaɗai.

HAƘƘINKI IDAN BINCIKE NE

Asibitin koyarwa wuri ne na magani da karatu da bincike. Wani lokaci tambayoyin na kula da lafiyarki ne kawai, wani lokaci kuma na bincike ne, kamar gwada sabuwar takarda. Idan na bincike ne, dole a gaya miki tun farko da harshen da kike ji, a nemi yardarki, kuma ya kasance kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince da aikin. Ba za a bayyana sunanki ba. Kina da ikon ƙi, ko ki janye a tsakiya, ba tare da an rage miki kome a kulawar da ake ba ki ba. Idan kuwa kin yarda, za a iya dawo miki da tambayoyi iri ɗaya bayan mako biyu. Ba wai an ƙaryata ki ba ne, ma'aunin ake gwadawa.

GA MAIGIDA DA IYAYE

Malam maigida, kai ne ke cefane, saboda haka rabin amsar a hannunka take. Kai ka san kwalba nawa kake saya a wata, ka taimaka wa iyalinka da wannan lissafi. Idan ka sayar da amfanin gona a Funtuwa ko Sheme ko Ɗandume, ka rage wa gida gyaɗa da waken suya kafin ka ɗaure buhu. Idan kifi ko ƙwai ya shigo gida, a fara cire rabon mai ciki. Ka kuma ba ta izini da kuɗin mota ta je awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko a cikin watanni uku na farkon ciki.

Iyayenmu mata da surukai, maganarku ta fi ta kowa nauyi a cikin gida. Idan kun rako yarinya asibiti, ku bar ta ta amsa da bakinta, kada ku amsa mata don rufin asiri. Idan akwai abincin da kuka hana ta bisa al'ada, ku faɗa wa ma'aikaciya a tattauna.

ALAMUN DA BA A JIRAN RANAR AWO

A garzaya asibiti mafi kusa, dare ko rana, idan mai ciki ta ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, aman da ya hana abinci zama, fashewar faya kafin lokaci, ko jariri ya rage motsi.

A TAƘAICE

Maiƙo abinci ne da ke da jaririnki kuke buƙata, amma da gwargwado. Tambayoyin abinci su ne ma'aunin wannan gwargwado, kuma sai an yi su da Hausar da kike ji, a kan abincin da kike ci, an gwada su a kan mata irinki, sannan a amince da su. Wannan aikin masana ne. Naki aikin shi ne ki lura da kwalbar manki daga yau, ki riƙe abin da kika ci, ki faɗe shi yadda yake ranar awo.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu zuriya mai albarka, amin.